Ƙafata Kan Totur

Ni ban iya zama wuri ɗaya ba, halina ne tun ina ƙarami. Inna takan ce ƙafar kare na ci. To a ɗauki mai irin wannan hali a ajiye shi a unguwarmu ta Kilomita Biyar a shekarun da sojoji suka yi ta bore, yau a buɗe kasuwa, gobe a rufe, jibi a ce kowa ya shige gida tun rana ba ta faɗi ba. Sai na koma kamar kaza mai neman wurin ƙwai. In zauna a bakin rumfa in tashi, in leƙa Titin Koudoukou in dawo, in ɗauki sifana in ajiye. Yayana, wanda muke rumfar gyaran wutar mota tare, har ya gaji da ce mini in zauna.

Abin da ya riƙe mu a lokacin shi ne aikin demarar, wato ɗan injin nan da ke juya babban inji idan ka murɗa makulli. Mutanen Kano masu zuwa kasuwanci kik suke ce masa, mu da 'yan Nijar mu ce demarar. Manyan motocin Kamaru sun daina shigowa yadda aka saba, sabon kaya ya ɓace a kasuwa, motocin unguwarmu kuwa duk tsofaffi ne, wasu ma sun girme ni. Sai muka koma kwance na wannan muna ɗaura wa waccan.

Wanda bai sani ba yana ɗauka ƙusa biyu ce, ka kwance ka ɗaure shi ke nan. Ina! Kowane demarar yana da ɗan kai mai haƙora da ke zabura ya kama haƙoran babban faifan inji. In haƙoran ba su zo daidai ba, ko dai ya yi ta ihu a banza, ko ya cinye faifan, garin neman gira a rasa ido. Wani hancinsa ya yi tsawo, sai an jera masa washa. Wani ramukan ƙusarsa sun kauce, sai an zauna da magagari ana ci a hankali. Wani kuma ya zauna daram, ka ba shi wuta ya juya hagu alhali injin dama yake so. Yaya yakan zauna ya bi haƙoran da farcen babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ni kuwa kafin ya gama na zagaya motar na dawo, ina ce masa a ɗaura kawai a gani. Ba ya ko ɗago kai.

Cikin tarkacen da muka tara akwai demarar ɗaya mai ƙarfi da muka ciro daga wata bas ta Japan da ta faɗa kwata. Yaya ya yanka masa farantan ƙarfe daban-daban, kowane da ramukansa, har ya zama yana shiga injin gas na motoci da yawa a unguwa. Mutane suka sa masa suna na-kowa.

Ban san wanda ya fara dabarar tayar-ka-cire ba, kowa na cewa shi ne. Sojoji, na wannan ɓangare da na wancan, ƙwace motoci suke yi a shingayensu. Mota mai tashi da makulli ba ta cika wuce shinge ba. Amma injin gas na da, in ya riga ya tashi, ba ruwansa da batir ko demarar, yana nan yana ci har sai ka ja ɗan mariƙin kashewa ko mai ya ƙare. To sai a zo rumfarmu, mu ɗaura na-kowa, mu tayar, sannan mu kwance shi injin na ci. Direba ya fita da rami a gefen injinsa. In an tare shi ya nuna ramin, ya ce in ta mutu sai turi. Sojan da ke tsammanin harbi kowane lokaci ba ya son motar turi. Sharaɗin dai ɗaya ne, kada ka bari ta mutu har ka dawo.

Yanzu bari in faɗi wadda saboda ita na ɗauko wannan zance.

Inna ba Bahaushiya ba ce ta haihuwa. 'Yar masuntan bakin kogi ce, ta musulunta ta auri Baba, wanda iyayensa suka zo daga Damagaram. Mahaifiyarta muna ce mata Ata, kamar yadda ake kiran kaka da Sango, harshen garin. Ata ba ta yi faɗa a kan auren ba, ba ta yi baki ba, amma ba ta taɓa taka ƙofar gidanmu ba. Ko da Baba ya rasu, garin rogo ta aiko da kifi busasshe. Mu ne muke zuwa wurinta. Inna in ta je, su gaisa, su yi zancen tsadar sabulu da ciwon gwiwa, ta taso. Ban taɓa jin sun wuce nan ba. Ni ne dai Ata ke sakewa da ni. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, sai kalma biyu da ta tsinta wurin matan kasuwa ta ajiye mini, mijin banza. Muryarta ƙasa-ƙasa take, in tana magana sai ka matso.

A boren da garin ya rabu biyu, unguwannin bakin kogi suna hannun masu bore, kuma can ake ta jefa manyan makamai. Wata mai sayar da kifi da ta tsero ta shigo gidanmu ta ce layin su Ata ya watse, ba kowa sai 'yan tsofaffi, Ata na cikinsu. Daga ranar Inna ta daina cin abincin kirki. Ta tsaya a zaure, ta koma ɗaki, ta fito tsakar gida ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ranar na gane inda na gado halina.

Wata safiya da harbi ya lafa ta ce, "Auta, ka nemo mini mota. Zan je in taho da ita."

Na ce, "Inna, wadda ba ta zo ba ana zaman lafiya?"

Ta ce, "Ban tambaye ka ba. Mota na ce."

Akwai wani mai albasa da ya zo daga Nijar bai daɗe ba, rikicin ya rutsa da shi, kayansa na ruɓewa a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa. Na same shi a unguwar Kokoro inda ya sauka. Bai ja zance ba. Ya ce, "Ɗauki. In ta dawo, alhamdu lillahi. In ba ta dawo ba, ku dai ku dawo." Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, ban san inda yake yanzu ba.

Motar kuwa da babu gara ba daɗi. Demarar ɗinta ya ƙone tun a hanya. Bututun salansa ya fashe, in ta tashi sai ka rantse injin niƙa ne. Mafi muni, man da ake samu a lokacin gauraye yake da kananzir da abin da Allah kaɗai Ya sani, saboda haka ba ta iya ci ita kaɗai. Da ka ɗage ƙafa daga totur sai ta yi tari ta nemi mutuwa. Muka gwada danne totur da dutse, sai ta yi ta hawa kamar za ta fashe, can kuma ta shaƙe. Ƙafar mutum take so, mai ƙarawa da ragewa yana sauraronta.

Muka turo ta rumfa. Farantin farko da Yaya ya gwada bai shiga ba, na biyu ya shiga amma kan demarar bai kai faifan ba. Ina tsaye a kansa ina cewa rana na yi, za a koma harbi. Ya ce in je in sha ruwa. Na je na dawo ban sha ba. Ya rage washa, ya ci rami ɗaya da magagari, ya ɗaure. Na murɗa makulli, ta yi gurnani, ta kama. Hayaƙi ya cika rumfar.

Cirewar ita ce abin tsoro. Yaya ya tuɓe rigarsa don kada faifan ya kama hannunta, ya cire wayar batir ya naɗe bakinta, ya kwanta a ƙasa ya zura hannu gefen injin da ke rawa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, mun san wanda ya bar yatsu biyu a irin wannan rami. Ina zaune a kujerar direba ba na ganinsa, ƙafafunsa kawai nake hange. Da ya fito da na-kowa rungume a tsumma, sai ya zagayo ta tagata, ya ɗaure mariƙin kashewa da ƙyalle tam, don kada hannuna ya ja shi bisa sabo.

Ya sa baki a kunnena ya ce, "Na san ka. Ko me ka gani, kada ka sauka."

Ya so ya bi mu, Inna ta hana. Ta ce ba za ta fita da 'ya'yanta biyu a mota ɗaya ba.

Titin ba kowa sai karnuka da tayoyin da aka ƙona. A shingen masu bore wani soja mai silifas ya ɗaga hannu, ya yi mini alama in kashe. Na girgiza kai, na ja mariƙin bonet, na nuna masa da yatsa ya buɗe ya duba. Ya ɗauka raini ne, fuskarsa ta canza, ya gyara riƙon bindiga. Sai Inna ta leƙo ta yi masa magana da harshen mutanen kogi, wanda ban taɓa jin ta yi da kowa ba sai Ata. Ya tsaya ya dube ta, da mayafinta da carbinta. Ya je ya ɗaga bonet, ya ga ramin da faifan na juyawa a ciki, ya kira abokinsa ya nuna masa, suka yi dariya. Suka ɗebi albasa a bayan motar suka ɗage mana itacen.

Layin su Ata yashi ne, a shimfiɗe, ba gangara ko ta kamu ɗaya, ba kuma namiji ko ɗaya da zai yi turi. Na lura da wannan tun kafin in lura da gidajen da rufinsu ya yaye. Na juya kan motar ya kalli hanyar da muka fito, na tsaya a ƙofar gidan.

Ata tana waje. Ta baza jiƙaƙƙen rogo a kan tabarma tana juya shi da hannu don ya bushe, kamar babu abin da ke faruwa a duniya. Ta ɗago ta dubi motar, ta ga Inna na saukowa, ta ci gaba da aikinta.

Duk abin da ya biyo baya da ido na gan shi, ban ji komai ba sai injin. Inna ta durƙusa ta gaishe ta. Ta yi magana, ta nuna motar, ta nuna wajen da hayaƙi ke tashi. Ata ta ce wani abu gajere. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin kaya a ka. Ata ta miƙe da ƙyar, ta karɓe ƙullin, ta mayar ɗaki, ta dawo kan rogonta. Inna ta sake shiga ta fito da shi. Ata ta sake mayarwa.

Wallahi ji na yi kamar in yi tsalle ta taga. Ni ne nake iya mata. Da zan sauka in zauna kusa da ita, in tsokane ta, in ce miji ya zo biko, wataƙila ta yi dariya, in ta yi dariya kuwa an ci rabin hanya. In ta ƙi ma, nawa take? Cak zan ɗauke ta in sa a mota ta yi ta zagina har gida. Amma ga ni ɗaure da ƙafar dama. Allurar mai ba ta aiki, ban san abin da ya rage a tanki ba. Allurar zafi kuwa tana aiki sarai, tana hawa. Cinyata ta fara rawa, na danne gwiwa da hannu. Warin ruɓaɓɓiyar albasa da hayaƙi suka cika motar. Haushi ya kama ni, na Ata, na Inna, na Yaya da dabararsa, har da na mai albasa da bai yi mini komai ba sai alheri.

Can wani abu ya faɗi wajen kogi. Ban ji ƙararsa sosai ba, a kujera na ji shi, tsuntsaye suka tashi daga bishiyar mangwaro. Na danna oda. Na danna wa kakata da mahaifiyata oda kamar fasinjojin tasha, kuma na sake dannawa.

Inna ta zube a yashi ta kama ƙafafun Ata. Ban taɓa ganin ta yi wa kowa haka ba. Ata ta tsaya tana kallon saman kanta, ba ta taɓa ta ba. Sannan ta zare ƙafafunta a hankali, ta nufo motar, ta zagayo ta tagata.

Ta ƙara ƙanƙancewa tun ganina da ita na ƙarshe. Hannayenta fari fat da rogo. Ta dube ni, ta nuna injin, ta yi alama da hannu in kashe. Na ɗaga murya da Sango na ce in ta mutu ba za ta tashi ba. Ta sake yin alamar. Na nuna mata ƙyallen da Yaya ya ɗaure, na nuna layin da ba kowa, na nuna Inna. Ta bi yatsana da kallo har kan Inna da ke durƙushe, ta daɗe tana kallonta. Ba ta sake cewa in kashe ba.

Sai ta ɗora hannu a damtsena ta fara magana.

Ta daɗe tana yi. Ba faɗa take ba, ba kuma wasan da muka saba ba ne, fuskarta ban san ta da irinta ba. Wani lokaci ta dubi Inna ta dawo da ido kaina. Na sassauta ƙafa don ƙarar ta ragu, injin ya yi tari, motar ta girgiza, na yi maza na taka. Na miƙa wuya ta taga iyakar yadda zan iya ba tare da ƙafata ta zame ba, har ina jin numfashinta a kumatuna. Muryar nan tata da ko a ɗaki sai an matso, ina za ta da salansa fasasshe? Ina ganin leɓenta na motsi. Na ce ta ɗaga murya, ban sani ba ko ta ji ni. Na dubi ƙyallen, hannuna har ya kai kansa. Na tuna yashi, na tuna Inna, na janye. Da na ga ta tsaya tana jiran amsa, sai na gyaɗa kai. Ta ci gaba, na ci gaba da gyaɗawa.

Da ta gama ta bubbuga damtsena, ta koma ta kama Inna a kafaɗa ta tashe ta, ta rako ta har mota, ta tura ta ciki, ta rufe ƙofar da kanta. Na sa giya. A madubi na ga ta koma ta sunkuya kan tabarmarta.

Muka iso Kilomita Biyar. Yaya na tsaye a bakin titi. Ya leƙa ya ga mu biyu ne, ya kwance ƙyallen ya ja mariƙin. Da injin ya mutu kunnuwana suka ci gaba da ƙara. Na sauko ƙafar ta ƙi ɗaukata, sai da na dafa ƙofa.

Ba mu sake samun hanya ba. Harbi ya dawo, aka ƙara shingaye, man ma ya ɓace gaba ɗaya. Kafin a sasanta a buɗe gari Ata ta rasu. Ba harsashi ba ne, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Tsofaffin layin suka binne ta, labari ya iso mu bayan an gama komai.

Inna ta yi kukanta ta share. Aka kwana biyu, kasuwa ta dawo, motocin Kamaru suka fara shigowa da sabon kaya. Wata rana da hantsi na shigo gida cin abinci, na same ta tana tsintar shinkafa a faifai. Ta ce in zauna. Na zauna a bakin turmi.

Ta ce, "Auta, na yi ta jira ka faɗa mini da kanka, na ga ba ka da niyya. Ranar nan, me ta ce maka?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

Ta ce, "Ni abu biyu kawai ta ce mini, ba za ta ba, in tashi in tafi. Tun da na yi aure ba ta yi mini doguwar magana ba. Amma kai na ga ta daɗe a tagarka, na ga tana waiwayena. In ma mai zafi ce, faɗa mini, zan iya ɗauka."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba. Duk kwanakin nan tana zaune da tsammanin saƙon uwarta na wurina a ajiye.

Na ce, "Inna, ban ji ba."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ta ce, "Na ga kana gyaɗa kai."

Na ce, "Injin ne, Inna. Ban ji ba."

"Ko kalma ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta daɗe tana kallon faifan. Sannan ta ci gaba da tsinta, ta ce, "To, ka dai ƙara tunawa. Ba sauri nake ba."

Ta rayu shekaru masu yawa bayan nan, ta ga jikoki, ta ga auren wasunsu. Amma lokaci-lokaci, in muka kaɗaice daga ni sai ita, takan rage murya ta ce, "Auta, har yanzu ba ka tuna ba?"